Garin Dabino a Madadin Sukari: Lissafin Lafiya da Lissafin Kasuwa

A cikin 'yan shekarun nan wata haja ta samu gindin zama a kantunan Legas, Abuja, Kaduna da Kano, wato garin dabino, wanda ƙananan masana'antu ke ƙullawa cikin leda ko roba suna tallarsa da cewa ya fi farin sukari amfani ga jiki. Masu sayensa sun haɗa da iyayen yara, da masu gidajen burodi, da kuma mutanen da likita ya gargaɗe su game da shan zaƙi. Kafin ɗan kasuwa ya zuba jarinsa a cikin wannan sana'a, akwai tambayoyi biyu da ya kamata ya samu amsarsu: shin da'awar da ake yi wa garin gaskiya ce, kuma shin lissafin ribarsa yana fita?

Girman Kasuwar Zaƙi

Nijeriya tana shan sukari kimanin tan miliyan ɗaya da rabi ko fiye a kowace shekara, amma abin da ake samu daga raken da aka noma a cikin gida bai kai kashi 10 daga cikin 100 na wannan adadi ba. Sauran ana shigo da shi ne ɗanye, galibi daga ƙasar Burazil, sa'an nan a tace shi a manyan matatu irin na Dangote, BUA da Golden Sugar. Ma'anar wannan ita ce, farashin buhun sukari a kasuwar Singa ta Kano yana rataye ne a wuyan dala. Da aka saki darajar naira a watan Yuni na shekarar 2023, masu shayi da masu burodi ne suka fara jin raɗaɗin abin a aljihunsu.

Gwamnatoci sun daɗe suna neman mafita. Tun a shekarun 1960 aka kafa masana'antar sukari ta Bacita a Jihar Kwara ta yanzu, daga baya aka kafa ta Savannah a Numan. A 1993 aka kafa Majalisar Bunƙasa Sukari ta Ƙasa, kuma a 2012 aka amince da babban shirin wadata ƙasa da sukari, wanda aka tsawaita shi da wasu shekaru goma a 2022. Duk da haka giɓin yana nan.

A ɗaya gefen kuma hukumomin lafiya suna matsa lamba a rage shan zaƙi. A 2015 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya kai kashi 10 daga cikin 100 na ƙarfin da mutum ke samu daga abincinsa na yini, wato kimanin giram 50 ko cokalin shayi 12 ga baligi, tana mai cewa rabin haka ya fi. Ƙungiyar Yaƙi da Ciwon Sukari ta Duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa baligai kimanin miliyan 3.6 ne ke da ciwon sukari a Nijeriya. Dokar Kuɗi ta 2021 ta ɗora harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon kwalba mai zaƙi, aka kuma fara karɓarsa a 2022. Bugu da ƙari, a watan Mayu na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada a dogara da sinadaran zaƙi marasa sukari wajen rage ƙiba. Waɗannan dalilai ne suka haɗu suka tura masu saye neman abin zaƙi da ya fito kai tsaye daga itace.

Abin da ke Cikin Garin

Garin dabino ba sukari ne da aka tatso daga dabino ba. Naman dabinon ne gaba ɗayansa, aka cire ƙwallo, aka busar, aka niƙa. A nan fifikonsa yake, a nan kuma iyakarsa take.

Farin sukari zaƙi ne zalla, giram 100 nasa yana ba da kalori kusan 390, ba tare da wani abin gina jiki na asali ba. Giram 100 na busasshen dabino kuwa yana ba da kalori kimanin 280, yana ɗauke da zare-zaren da ciki ba ya narkarwa kimanin giram 7 zuwa 8, da sinadarin fotasiyam fiye da miligiram 600, da kuma magniziyam da ƙarfe kaɗan. Zare-zaren nan suna rage saurin shigar zaƙi cikin jini, shi ya sa a ma'aunin da ake gwada saurin tashin sukarin jini, yawancin nau'o'in dabino suna ƙasa da farin sukari.

Amma kimanin kashi biyu cikin uku na nauyin busasshen dabino sukari ne, wato gulukos da furuktos, da kuma sukuros a wasu nau'o'in masu tauri. Idan aka ƙara busar da shi don a niƙa, ruwa ne ke fita, zaƙin kuwa yana nan, don haka kalorin garin yana haura 300 a giram 100. Har ila yau garin bai kai farin sukari zaƙi a baki ba, saboda haka wanda ya saba da cokali biyu na sukari a koko zai iya zuba uku na gari kafin ya ji daidai, ya zama abin da ya gudu daga gare shi ya tarar da shi a gaba. Abin lura shi ne, a ma'anar da hukumomin lafiya na Ingila suka fitar a 2018, zaƙin da ke cikin 'ya'yan itacen da aka niƙa su gari ana lissafa shi ne cikin sukarin da ya kamata a taƙaita, daidai da na zuma da ruwan 'ya'yan itace.

Taƙaicen magana, garin dabino ya fi farin sukari kayan gina jiki, amma ba magani ba ne, ba kuma lasisin shan zaƙi ba ne. Mai ciwon sukari dole ya lissafa shi cikin abincinsa bisa shawarar likita. Mai ciwon ƙoda da aka hana shi abinci mai yawan fotasiyam yana bukatar taka-tsantsan na musamman. Garin kuma yana manne wa haƙori kamar yadda alewa ke yi. Akwai ma wani abu da masu talla ba su cika faɗa ba: tun 2002 doka ta wajabta ƙara sinadarin bitamin A a cikin sukarin da ake sayarwa a Nijeriya, kuma garin dabino ba ya cike wannan gurbi.

Inda Yake Aiki

Tunda garin yana ɗauke da naman dabino, ba ya narkewa sarai a ruwa. Wanda ya zuba shi a baƙin shayi zai tarar da laka a ƙasan kofi, kuma kamfanin lemon kwalba ba zai iya amfani da shi ba. Ba ya narkewa a wuta ya zama alewa, yana kuma saurin ƙonewa a tanda, don haka mai gasa kek ko biskit sai ya sassauta wuta ya kuma ƙara ruwa ko madara a kwaɓinsa, domin garin yana shan ruwa.

Inda ya fi dacewa shi ne abinci mai kauri: koko, kunun gyaɗa, kunun tsamiya, fura da nono, yogot, da garin kunun yara da ake haɗawa da gero, waken suya da gyaɗa. Masu kunun aya sun daɗe suna markaɗa dabino tare da aya da kwakwa, don haka ɗanɗanon ba baƙo ba ne. Hasali ma ƙasar Hausa ta san zaƙin itace tun kafin zuwan farin sukari, kamar garin ɗorawa, da maɗin ɗinya, da goruba, ga kuma mazarƙwaila da ake dafawa daga ruwan rake.

Sarrafawa da Lissafin Jari

Aikin ba ya bukatar manyan injuna. Ana tsince dabinon a fitar da wanda ƙwari suka huda, a wanke, a fasa a cire ƙwallo, a busar har sai ya yi ƙaras, sa'an nan a niƙa a tankaɗe. Busasshen dabino mai tauri, irin wanda ake kawowa daga hamada, shi ya fi dacewa, domin mai laushi yakan zama danƙo a cikin injin niƙa.

Asarar nauyi ita ce abu na farko da mai jari zai lissafa. Ƙwallo yana ɗaukar kimanin kashi 10 zuwa 15 daga cikin 100 na nauyin dabino, busarwa tana cin wani kason, tsinta da tankaɗe su ci nasu. Wanda ya sayi kilo 100 da wuya ya ƙulla gari fiye da kilo 75. Idan aka ɗora kuɗin wuta ko gas, da ladan masu cire ƙwallo, da mazubi, da dako, kilo ɗaya na gari zai fi kilo ɗaya na sukari tsada nesa ba kusa ba. Saboda haka ba a fagen araha wannan haja za ta yi gasa ba. Kasuwarta ita ce ta masu neman inganci waɗanda ke iya biyan ƙari.

Abu na biyu shi ne laima. Garin yana zuƙar danshin iska, ya dunƙule ya zama kamar dutse, daga baya ya yi fumfuna. Abin da ya zauna lafiya a Kano lokacin hunturu zai iya lalacewa cikin makonni a Legas ko Fatakwal da damina, idan mazubin bai toshe iska ba. Wasu masu sarrafawa a ƙasashen waje kan gauraya ɗan garin hatsi don hana dunƙulewa, kuma wanda ya yi haka wajibi ne ya rubuta a jikin mazubi. Abu na uku shi ne lokacin saye: farashin dabino yana tashi gabanin watan Ramalana, don haka mai masana'anta da ke da wurin ajiya mai kyau zai fi cin riba idan ya yi sari bayan salla. Ƙwallon ma ba shara ba ne, ana niƙa shi a abincin dabbobi, wasu kuma suna soya shi su yi abin sha mai kama da gahawa.

Daga Ina Dabinon Zai Fito?

Nan ne babbar matsalar take. Abin da Nijeriya ke nomawa na dabino bai wuce kimanin tan 20,000 a shekara ba, alhali Masar, wadda ke kan gaba a duniya, tana samar da fiye da tan miliyan ɗaya da rabi. Ko da za a niƙa dukkan dabinon ƙasar nan, garin da zai fito bai wuce kashi 1 daga cikin 100 na sukarin da ake sha ba. Yawancin dabinon da ke kasuwannin Arewa yana shigowa ne ta Jumhuriyar Nijar, daga dausayoyin Kawar da Abzin da kuma Aljeriya, yayin da nau'o'i masu tsada ke zuwa daga ƙasashen Larabawa. Rufe iyakokin ƙasa daga Agustan 2019 zuwa Disambar 2020, da kuma rufe iyakar Nijar bayan juyin mulkin Yulin 2023 har zuwa Maris na 2024, sun nuna hatsarin dogaro da wannan hanya. Masana'antar da ke niƙa dabinon waje ta musanya sukarin Burazil ne da dabinon hamada, kuɗin dai waje suke tafiya.

Ke nan riba mai ɗorewa tana gona. Cibiyar Binciken Kwakwar Manja ta Nijeriya, mai hedikwata kusa da Benin, tana da reshen binciken dabino a Dutse, kuma itacen yana yi sosai a Jigawa, Yobe, Borno, Katsina da Sakkwato. Sai dai noman dabino na mai haƙuri ne. Itacen yana da namiji da mace, kuma wanda ya shuka ƙwallo zai iya tarar da cewa kusan rabin gonarsa maza ne da ba sa haihuwa, bayan ya shafe shekaru yana ban ruwa. Dashen 'ya'yan da ke tsirowa a gindin uwa mai kyau shi ne ke tabbatar da iri, kuma ko shi sai bayan shekaru huɗu ko biyar yake fara bayarwa. Rancen banki mai wa'adin shekara ɗaya ba zai yi wannan aiki ba.

Doka da Sauran Damammaki

Duk wanda zai ƙulla abinci ya sayar a kanti yana bukatar rajistar Hukumar Rajistar Kamfanoni da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993. Rubuta cewa garin yana warkar da ciwon sukari, ko cewa babu sukari a cikinsa, da'awa ce marar tushe da za ta iya jawo wa mai ita hukunci, ta kuma jefa mai saye cikin hatsari. Gauraya garin da farin sukari a ɓoye don rage tsada zai kashe amanar da ita ce kaɗai jarin wannan kasuwa.

Dabino ba shi kaɗai ba ne a wannan fage. Ƙasar Sin ta mayar da wani ɗan itace na lardin Guwanshi, mai suna luo han guo, hajar da take fitarwa duniya, domin sinadarin da ake tatsowa daga cikinsa ya ninka sukari zaƙi fiye da sau 100. Ƙasar Peru tana sayar da garin lukuma. A dazuzzukan kudancin Nijeriya kuma akwai katemfe, tsiron da ake naɗe alala da ganyensa, wanda daga 'ya'yansa ake samun sinadarin tomatin mai ninka sukari zaƙi kusan sau 2,000, amma a ƙasashen waje aka fi cin moriyar tace shi.

Abin da lissafi ya nuna shi ne, garin dabino ba zai ture farin sukari daga teburin mai shayi ba. Amma yana da kasuwa ta haƙiƙa a abincin yara, gidajen yogot da kantunan birane, kuma wanda zai fi cin gajiyarta shi ne wanda ya tabbatar da inda dabinonsa zai fito, ya shawo kan laima, ya kuma faɗa wa mai saye gaskiyar abin da ke cikin mazubi.