BABI NA UKU: GURABEN KOYAR DA AIKIN JINYA A AMURKA DA BATUN BIZA GA NAS-NAS 'YAN ƘASASHEN WAJE

3.0 Shimfiɗa

Babin da ya gabata ya yi bayani a kan dalilan da ke sa ma'aikatan jinya barin ƙasashensu zuwa ƙasashen Turai da Amurka. Wannan babi kuwa zai duba wani ɓangare da ba a cika waiwayarsa ba, wato halin da nas ɗin da ya yi karatu a wata ƙasa yake samun kansa idan ya nemi aikin koyarwa a makarantun jinya na Amurka, da kuma yadda ake ɗaukar nauyin bizarsa. Kafin a shiga bayani, ya kamata a warware wata kalma. A Hausar yau da kullum, idan aka ce "malamin jinya" ana nufin nas ne mai aiki a asibiti. Saboda gudun ruɗani, a wannan babi za a riƙa kiran mai aikin asibiti da "nas", shi kuma mai horar da ɗalibai a kira shi "malami mai koyar da jinya". Haka nan "ɗaukar nauyin biza" na nufin asibiti ko jami'a ta shigar da takardar neman izini ga hukumar shige da fice a madadin ma'aikaci, domin a irin waɗannan bizoji ma'aikaci ba ya nema wa kansa.

3.1 Ƙarancin Malamai Masu Koyar da Jinya

Idan ana maganar ƙarancin nas-nas a Amurka, akan ɗauka cewa matasan ƙasar ne ba sa son aikin. Alƙaluma ba su nuna haka ba. Ƙungiyar Kwalejojin Koyar da Jinya ta Amurka, wadda ake taƙaita sunanta da AACN, ta bayyana cewa a shekarar 2021 makarantu sun mayar da takardun neman shiga 91,938 waɗanda suka cika sharuɗɗa, a shekarar 2023 kuma 65,766. Ya dace a lura cewa takardu aka ƙirga, ba mutane ba, tun da ɗalibi ɗaya na iya neman makarantu uku ko huɗu. Duk da haka adadin ba ƙarami ba ne, kuma cikin manyan dalilan da makarantun suka bayar akwai rashin isassun malamai da rashin wuraren koyon aiki a asibitoci. Binciken ƙungiyar na shekarar 2023 ya gano guraben malamai na cikakken lokaci 1,977 babu kowa a kansu, cikin makarantu 922. Kusan huɗu cikin biyar na waɗannan gurabe mai digiri na uku ake nema, ko kuma shi aka fi so.

Abin da ya sa rashin malami ɗaya yake toshe hanyar ɗalibai da yawa shi ne yanayin karatun kansa. Malamin tarihi na iya tara ɗalibai ɗari biyu a zaure ɗaya, amma mai koyar da jinya a gefen gadon majiyyaci ba shi da wannan dama, domin hukumomin jinya na jihohi da dama sun ƙayyade masa ɗalibai 8 zuwa 10. Bugu da ƙari, nas mai digiri na biyu ya fi samun albashi a asibiti fiye da a aji, ga kuma manyan farfesoshin fannin da yawansu shekarunsu sun haura 60, suna dab da ritaya. Ke nan, bisa hankali, nas ɗan ƙasar waje mai ilimi da ƙwarewa ya kamata ya sami wannan ƙofa a buɗe. Amma lamarin bai zo da sauƙi haka ba.

3.2 Hanyar Nas Mai Aikin Asibiti

Ba za a fahimci matsayin malami ba sai an fara duba matsayin nas. Sau biyu majalisar dokokin Amurka ta ƙirƙiro biza ta wucin gadi musamman domin nas-nas. Ta farko ita ce H-1A, ƙarƙashin dokar 1989, wadda wa'adinta ya ƙare a 1995. Ta biyu ita ce H-1C ta 1999, wadda aka taƙaita ga mutum 500 kacal a shekara domin asibitocin yankunan marasa galihu, ita ma ta ƙare a watan Disamba na 2009. Bayan waɗannan, babbar bizar ƙwararru da ta rage ita ce H-1B, wadda dokar 1990 ta samar. Sai dai sharaɗinta shi ne aikin ya zama wanda ba a iya shigarsa sai da digiri na farko a fannin. A Amurka kuwa mutum na iya zama cikakken nas da karatun shekara biyu a ƙaramar kwaleji, saboda haka hukumar shige da fice ba ta cika amincewa da aikin nas na gama-gari a ƙarƙashin wannan biza ba.

Hanyar da ta rage wa nas ita ce ta katin zama na dindindin a rukunin EB-3. A nan an yi masa gata, domin Ma'aikatar Ƙwadago ta sanya aikin jinya cikin abin da ake kira Jadawalin A, wato jerin sana'o'in da gwamnati da kanta ta yarda ana ƙarancinsu. Saboda haka asibiti ba sai ya tabbatar da cewa ya nemi ɗan ƙasa ya rasa ba. Amma gatan bai hana layi ba. Doka ta ware bizar zama 140,000 a shekara ga dukkan masu shigowa ta hanyar aiki, rukunin EB-3 na da kimanin 40,000 daga ciki, kuma 'yan ƙasa guda ba sa wuce kashi 7 cikin ɗari. Nas yana cikin layi ɗaya da injiniya da mai aikin kwamfuta. A 2005 majalisa ta ware ƙarin biza 50,000 ga 'yan Jadawalin A, suka ƙare kafin ƙarshen 2006. 'Yan Indiya da Filifin su suka fi shan jira, amma a 2023 layin ya tsaya har ga sauran ƙasashe. Wannan shi ne Hausawa ke cewa ga ƙoshi ga kwanan yunwa: asibiti na nema, nas ya ci jarrabawa, takarda ta sami amincewa, amma babu lambar biza.

Nas-nas da yawa kamfanonin dillancin ma'aikata ne ke kai su, bisa yarjejeniyar aikin shekara biyu ko uku, da tara mai nauyi ga wanda ya fita kafin lokaci. A 2019 wata kotun tarayya a New York ta yanke hukuncin cewa tarar dala 25,000 da aka ɗora wa nas-nas 'yan Filifin sama da 200 ta saɓa wa dokar hana fataucin mutane. Wannan batu ya shafi koyarwa kai tsaye, domin nas ɗin da yarjejeniya ta ɗaure ba shi da halin barin asibiti ya karɓi aikin jami'a.

3.3 Hanyar Malami

Idan aka juya ga malami mai koyar da jinya, za a ga al'amarin ya kife. Bizar H-1B da ta gagari nas ta dace da shi sarai, tun da babu mai gardamar cewa koyarwa a jami'a na bukatar digiri. Daɗin daɗawa, ita wannan biza an ƙayyade ta ga mutum 65,000 a shekara, da ƙarin 20,000 ga masu babban digiri daga jami'o'in Amurka, kuma masu nema sukan ninka adadin har sai an yi ƙuri'a. Amma tun daga dokar shekarar 2000 an cire jami'o'i da kwalejoji daga wannan ƙayyadewa. Wato jami'a na iya shigar da takarda a kowane wata, ba tare da ƙuri'a ba. Ana ba da bizar na shekara uku, a sabunta ta zuwa shida, kuma dole jami'a ta biya albashin da bai gaza wanda ake biyan takwarorinsa a yankin ba.

Haka kuma wajen neman katin zama na dindindin an yi wa malaman jami'a sassauci. Ga sauran ma'aikata, idan aka sami ɗan ƙasa ko da ɗaya wanda ya cika mafi ƙarancin sharuɗɗa, to maganar baƙo ta mutu. Ga malamin jami'a kuwa, abin da ake bukata shi ne a nuna cewa an tallata gurbin a mujallar ƙwararru ta ƙasa baki ɗaya, an yi gasa, kuma baƙon ya fi sauran cancanta. Sharaɗi mai muhimmanci shi ne a shigar da takardar cikin watanni 18 daga ranar da aka zaɓe shi. Jami'ar da ta yi sakaci har wa'adin ya wuce sai ta sake tallata gurbin, malamin kuma ya sake gasa a kan kujerar da yake zaune a kai.

Sai dai wannan biza tana da igiya. A kan aikin jami'ar da ta nema ta rataya, idan aikin ya ƙare malami yana da kwana 60 kawai ya sami wani mai ɗaukar nauyinsa ko ya sauya matsayi ko ya bar ƙasar. Kuma wanda ya shigo ta ƙofar jami'a ba ya iya komawa kamfani mai zaman kansa sai ya shiga ƙuri'ar da ya tsallake a farko.

3.4 Inda Gizo ke Saƙa

Tun da doka ta buɗe ƙofa haka, me ya sa ba a ga baƙi sun cike guraben ba? Amsar tana ga takardun shaida. Da farko akwai lasisi. A Amurka kowace jiha ce ke ba da nata, kuma makarantun jinya na bukatar malami ya mallaki lasisin jihar da zai koyar. Kafin samunsa sai an tantance karatun mutum darasi bayan darasi, aikin da aka fi sanin hukumar CGFNS da shi, wadda aka kafa a 1977, ta kuma sauya suna zuwa TruMerit a 2025. Daga nan sai jarrabawar NCLEX-RN. Har ila yau dokar 1996 ta wajabta wa baƙin ma'aikatan lafiya masu taɓa majiyyata takardar tantancewa wadda ta haɗa da jarrabawar Ingilishi, kuma ba a ɗauke wa ɗan Nijeriya ko ɗan Filifin ita ba, duk da cewa da Ingilishi ya yi karatunsa.

Na biyu shi ne digiri. Alal misali, nas ɗin da ya fito daga makarantar jinya ta shekara uku a Nijeriya yana iya samun lasisin aiki a Amurka, amma ba shi da digiri na farko, balle na biyu da ake nema ga mai koyarwa. Karatun digiri a fannin jinya ya soma ne a Jami'ar Ibadan a 1965, kuma ya daɗe bai yaɗu ba, saboda haka tsofaffin nas-nas da yawa, waɗanda su ne masu ƙwarewar da ɗalibi zai amfana da ita, su ne marasa takardar da jami'a ke tambaya. Gwamnatin Amurka tana da shirin rance ga masu karatu domin zama malaman koyar da jinya, wanda ake yafe har kashi 85 cikin ɗari bayan koyarwar shekara huɗu, amma 'yan ƙasa da masu katin zama ne kawai ke shigarsa.

Na uku, wanda ba a rubuta shi a doka ba amma ya fi tasiri, shi ne irin gurbin. Yawancin masu koyar da ɗalibai a asibiti ana ɗaukarsu ne na wucin gadi, zango bayan zango, kuma da wuya makaranta ta kashe kuɗin lauya da na hukuma a kan irin wannan aiki. Doka ma ta hana a ɗora wa ma'aikaci kuɗin matakin Ma'aikatar Ƙwadago na neman katin zama. Babbar jami'a mai ofishin kula da baƙi ta saba da wannan ɗawainiya, ƙananan kwalejoji kuwa, waɗanda ke horar da kaso mai yawa na nas-nas ɗin ƙasar, sau da yawa sukan rubuta a tallarsu cewa ba sa ɗaukar nauyin biza. Bisa ga wannan, hanyar da aka fi bi doguwa ce: a shigo a matsayin nas, a sami katin zama, a cika yarjejeniyar asibiti, a yi digiri na biyu ko na uku ana aiki, sa'an nan a nemi koyarwa a lokacin da ba a bukatar kowa ya tsaya wa mutum. Wasu kuma sukan shigo da bizar ɗalibi, su yi amfani da watanni 12 na aikin bayan karatu, kafin jami'a ta mayar da su kan H-1B.

3.5 Sauye-sauyen 2024 da 2025

A ranar 19 ga Satumba, 2025, Shugaba Donald Trump ya sa hannu a kan umarnin da ya ɗora dala 100,000 a kan sababbin takardun H-1B na mutanen da ke wajen ƙasar, kuma ba a keɓe jami'o'i ba. Wannan kuɗi ya haura albashin shekara na malamai masu koyar da jinya da yawa, don haka ya daki hanyar ɗauko malami kai tsaye daga waje. Daga baya hukumar shige da fice ta bayyana cewa bai shafi wanda ke cikin ƙasar ya nemi sauya matsayi ba. A watan Disamba na wannan shekara kuma aka sanya Nijeriya cikin ƙasashen da aka dakatar wa bizar zama da ta ɗalibai daga 1 ga Janairu, 2026, wato hanyoyi biyun da aka ambata a sama. An taɓa dakatar wa 'yan Nijeriya bizar zama a 2020, aka ɗage a 2021.

Ƙasashen da nas-nas ke fitowa su ma ba su zura ido ba. Hukumar Lafiya ta Duniya a 2023 ta fitar da jerin ƙasashe 55, ciki har da Nijeriya da Nijar da Gana, waɗanda ta nemi kada a shiga a yi farautar ma'aikatan lafiyarsu, ko da yake bai haramta wa mutum neman aiki da kansa ba. A watan Fabrairu na 2024 Hukumar Nas-nas da Ungozoma ta Nijeriya ta bayyana cewa sama da 42,000 sun bar ƙasar cikin shekara uku, ta kuma fito da ƙa'idar cewa sai nas ya yi aikin shekara biyu kafin ta tantance takardunsa ga hukumomin waje. Nas-nas sun yi zanga-zanga a Abuja da Legas a kan wannan ƙa'ida. Ita dai wannan tantancewa daga gida tana cikin abubuwan farko da ake tambaya kafin lasisin Amurka, saboda haka duk jinkirin da aka samu a kanta yakan tsayar da sauran matakan, ko mai neman nas ne ko malami.