Me Ya Sa Ake Karce Silindar Injin Dizal?

Mutane kan ɗauka duk ƙarfen da ya yi sumul yana ƙyalli, lafiyayye ne. A cikin injin dizal kuwa, ba haka al'amarin yake ba.

Wannan inji, wanda Rudolf Diesel ya kammala a Jamus cikin 1897, ba shi da fulogi. Fistin ne ke matse iska cikin silinda har zafinta ya haura digiri 500, sa'an nan a fesa man gas ya kama da wuta. In iskar ta sami kafar sulalewa, inji zai yi wuyar tashi.

Yau da gobe, ringi kan goge bangon silinda har ya koma tamkar madubi, ya kasa riƙe baƙin mai. Maganinsa shi ne a karce bangon da ƙananan duwatsun washi, waɗanda ake juyawa da na'urar huda, ana yin sama da ƙasa, ana ɗiga mai. Hakan ke barin siraran layuka masu gicciye juna a kusurwar kimanin digiri 45. A cikinsu mai ke maƙalewa, sabon ringi kuma ya zauna daram.

Sai dai mai yin aikin a gida ya fara auna ramin. In ya zaizaye ya daina zama da'ira, sai an kai wa masu injin faɗaɗa rami. Bayan kartar, a wanke da ruwan zafi da sabulu har farin ƙyalle ya fito fes, domin ɓurɓushin dutsen da ya saura shi zai cinye sabon ringin.