Kafin ka sayi tsohon jirgin kamun kifi

Duk mai sayar da banda a kasuwar Aboabo ta Tamale ya san ribar tana wurin mai jirgi. Shi ya sa wasu 'yan kasuwarmu ke sayen tsohon jirgi a Yapei, Buipe ko Makango, su ba masunta, a riƙa raba abin da aka kamo. Amma fa zaɓen yana son natsuwa.

Siririn jirgi yana tsaga ruwa sumul, ba ya wahalar da ƙugu. Matsalarsa, da mutum uku sun koma gefe guda suna jan taru, sai ya fara tangaɗi. Mai faɗin ciki kuwa yana dukan igiyar ruwa har haƙora su haɗu, amma yana zaune daram ko an loda shi.

A tafkin Volta, na biyun ya fi. Tun da aka gama madatsar Akosombo a 1965, kututturan itatuwan da ruwa ya shanye suna nan a ƙasa, iskar damina kuma ba ta sallama. In jirgi mai tangaɗi ya yi karo, sai kifewa.

Don haka kada ka biya a tudu. A sa shi ruwa, a loda shi, ka tsaya a gefe ka ji yadda yake. Duba ƙasansa da kyau: sabon faci kan ɓoye ruɓaɓɓen katako. Ka ware kuɗin rigunan ceto tun kafin ciniki. Ciwon baya yana warkewa. Ɗan mutane in ya nutse, ba ya dawowa.