Tsakanin ciniki da amana: Kiristocin Zango da dogara ga Allah

Gobarar da ta cinye mafi yawan kasuwar Kantamanto ta tashi ne da asubahin 2 ga Janairu, 2025. Wato kwana ɗaya tal bayan Kiristocin Accra sun kwana a coci suna addu'ar shiga sabuwar shekara, suna jin wa'azin cewa bana shekarar buɗi ce. 'Yan gwanjo da yawa sun wayi gari dilar da suka ciyo bashi suka saya ta zama toka. To, wanda ya ɗaga hannu ya ce amin a daren 31, me zai faɗa wa Allah da safiyar 2 ga wata?

Mu Kiristocin da ke zaune a Nima da Maamobi tsiraru ne a cikin 'yan'uwa Musulmi, kuma na lura idan asara ta faɗa wa maƙwabcina, kalmar ƙaddara da tawakkali suna kusa da bakinsa. Ban ce zuciyarsa ba ta ƙuna ba. Amma mu, sau da yawa, sai mu yi tsit, kamar shakka abin kunya ce da ake ɓoyewa a ƙarƙashin gado.

Dalilan a fili suke. A 2019 Babban Bankin Ghana ya soke lasisin ƙananan kamfanonin ba da rance 347, ajiyar talakawa ta maƙale. A ƙarshen 2022 hauhawar farashi ta haura kashi 50 cikin 100, Sidi ya zube, jarin mai saro kaya da dala ya narke yana kallo. Wanda aka sha cin amanarsa, ko inuwarsa ba ya yarda da ita, balle Wanda ido ba ya gani.

Sai dai a ganina babban ciwon yana cikin irin wa'azin da muka sha. An koya wa da yawanmu bangaskiya kamar ciniki: ka shuka iri a hannun fasto, ka fitar da zakka, Allah zai ninka maka, biza za ta fito, shago zai cika. Ba duk coci ke haka ba, amma ko a tashar mota ka zauna sai wannan wa'azi ya iske ka. Mai irin wannan bangaskiya, ranar da kaya suka ƙone, abu biyu ne gabansa. Ko ya ce Allah ya karɓi kuɗi bai ba da kaya ba, ko ya ce shi ne bai biya daidai ba. Duka biyun suna kashe zuciya.

Abin mamaki, mu 'yan kasuwa mun fi kowa sanin cewa ciniki daban, amana daban. Fataken da suka riƙa zuwa Salaga da Kumasi sayen goro ba da takardar yarjejeniya suke tafiya ba. Maigida suke da shi. Shi ke sauke baƙo, ya ajiye masa kaya da kuɗi, ya nemo dillali, ya tsaya masa idan an ba da bashi. Ba a rana ɗaya ake miƙa wa maigida jari duka ba. Bana kaɗan, baɗi a ƙara, har a kai shekarar da kasuwa ta faɗi, falke ya ga maigida bai juya masa baya ba. Daga nan ne amana ke yin jijiya. Riba ba ta tabbata kowace tafiya, amma ya san gidan da zai sauka.

Littafi Mai Tsarki ma a wannan ɓangaren ya tsaya. Abokan Ayuba ne suka riƙe lissafin ciniki, suka nace lallai wani zunubi ya yi shi ya sa dukiya da 'ya'ya suka tafi, kuma a ƙarshen labarin su Allah ya tsawata wa. Ayuban da ya yi ta kuka da gardama, shi aka ce ya yi musu addu'a. Toma ya ƙi yarda da tashin Almasihu sai ya gani da idonsa, ba a kore shi daga cikin almajirai ba, bayan mako guda aka nuna masa tabon ƙusa. Zabura kuwa cike take da koke. Don haka idan aka tambaye ni inda za a fara, nakan ce a fara da faɗa wa Allah gaskiya, ko da gaskiyar ita ce an yi fushi.

Sannan a daina ɗaukar nauyin nan a kaɗaice. Matanmu sun san adashi, wanda a nan ake kira susu: ranar da hannunki ya bushe, zubin wasu ne ke ɗaga ki. Na ga wadda ta daina zuwa coci wata da watanni bayan asara, ba wa'azi ne ya dawo da ita ba. Matan zumunta ne suka haɗa mata ɗan jari, maƙwabciyarta Hajiya kuma ta ba ta shinkafa bashi ba tare da sa rana ba. Irin zaman Zango ke nan, wanda babban limamin ƙasa, Sheikh Osman Nuhu Sharubutu, ya nuna wa duniya lokacin da ya halarci sujadar Ista a cocin Christ the King a 2019, yana gab da cika shekara 100.

Matar nan har yau ba ta gama biyan bashinta ba, kuma ta ce akwai tambayoyin da ba ta samu amsarsu ba. Ranar Lahadi dai tana layi na uku, ranar Laraba kuma tana kasuwar Nima tun da sassafe.