Gocewar Faifan Ƙashin Baya: Yawanci Yana Warkewa Ba Tare da Tiyata Ba

Kaka ta yi. A Doguwa da Tudun Wada ana ta ɗaukar buhunan masara da shinkafa. A irin wannan lokaci ne mutum zai sunkuya ya cicciɓi buhu mai kilo 100, sai ya ji kwankwasonsa ya riƙe. Bayan kwana biyu zugi ya sauka ta ɗuwawu har tafin ƙafa ɗaya.

Me ya faru? Ƙashin baya ba guda ɗaya ba ne. Ƙananan ƙasusuwa ne a jere. A tsakaninsu akwai faifan guringuntsi guda 23, masu aiki kamar gammo. Bayan faifan tauri gare shi, cikinsa kuma taushi. Idan nauyi ya yi yawa, sai bayan ya tsage, na cikin ya bulluƙo ya danne jijiyar da ta tafi ƙafa. Shi ya sa ciwon na baya, amma zafin na ƙafa.

Da yawa suna jin tsoron sai an yi musu aiki. Alhali likitoci sun gano cewa kusan mutum 9 cikin 10 suna samun sauƙi ba tare da tiyata ba, yawanci cikin mako 6 zuwa 12. Kumburin yakan saɓe, jiki kuma ya tsotse abin da ya bulluƙo a hankali.

Mai ciwon kada ya kwanta fiye da kwana biyu, domin doguwar kwanciya tana ƙara sandarar da baya. Ya riƙa ɗan tattaki kullum. Ya dakata da ɗaukar kaya, da noman sunkuye, da doguwar tafiya a babur. Gashi da ruwan ɗumi yana taimakawa. Tsaga da ƙaho ba sa kaiwa wurin faifan, kuma ba karaya ba ce balle a kai wa maɗori. Maganin kashe zafi na 'yan talla, idan an yawaita, yana ɓata ciki da ƙoda. A nemi shawarar ma'aikacin lafiya.

Amma akwai alamun da ba a jira. Idan fitsari ya ƙi fita, ko fitsari da bayan gida suna zuba ba a sani ba, ko tsakanin cinyoyi ya sage, ko ƙafa tana raunana har ana jan ta, a tafi asibiti a ranar. Jinkiri na iya jawo shanyewa. Haka nan ciwon baya mai haɗe da zazzaɓi, rama da gumin dare, domin tarin fuka yana kama ƙashin baya. Daga babban asibitin Tudun Wada ana iya tura mutum Asibitin Ƙashi na Dala a Kano.

Wanda ya warke ya kiyaye. In zai ɗaga kaya, ya durƙusa, ya miƙe da ƙarfin ƙafafu. Buhu mai nauyi kuwa, a kama shi mutum biyu.