Abubuwan da ya kamata ka sani kafin sayen tsohon injin murɗa ƙafafun tebur da gado

Ƙafar tebur ko ginshiƙin gado da aka murɗe kamar tufkar igiya na cikin ayyukan da ke ɗaga farashin kayan ɗaki, kuma kafintan da ya iya fitar da ita tsaf ba ya rasa masu kawo masa aikin kayan amarya. Salon ya daɗe a Turai. Bernini ya kammala murɗaɗɗun ginshiƙansa na tagulla a majami'ar Saint Peter ta birnin Rum a 1634, sannan bayan Sarki Charles na Biyu ya hau gadon sarautar Ingila a 1660 yayin murɗaɗɗun ƙafafu ya mamaye kujeru da tebura na ƙasar. Da zarto da kurfi da magagari ake yin irin waɗannan ƙafafu a lokacin. A yau akwai injin da aka ƙera don wannan aiki, kuma galibi tsohonsa ne ke zuwa hannun ƙaramin kafinta.

Yadda injin yake aiki

Wanda ya saba da injin juya katako zai ga kama, amma aikinsu ya sha bamban. A injin juyi katakon ne ke gudu, kafinta na riƙe da kurfi. A wannan kuwa katakon yana juyawa a hankali tsakanin kai da wutsiyar injin, rauta ce ke gudu a samansa tana cin naman itacen. Rautar na zaune a kan wani kwando da ke zamewa bisa dogayen sanduna biyu. Doguwar sandar ƙarfe mai zare ce ke jan kwandon idan ka juya hannun injin, wasu faya-fayai masu haƙora kuma suna haɗa wannan sanda da kan da ke riƙe da katako. Kwando na tafiya, katako na juyawa, sai bakin rauta ya bar hanya a murɗe.

Wanda ya fi suna shi ne Legacy Ornamental Mill, na kamfanin Legacy Woodworking Machinery da ke garin Springville a jihar Utah ta Amurka, mai samfura irin su 900 da 1200 da 1800. Kamfanin ya karkata ga injunan da kwamfuta ke sarrafawa, wato CNC, saboda haka masu neman na juyi da hannu kasuwar tsofaffi suke dosa. Akwai kuma ƙananan 'yan'uwansa, Router Crafter da shagunan Sears suka sayar a Amurka da Router Lathe na kamfanin Trend a Ingila. Waɗannan da wayar ƙarfe suke jan kwando, ba da haƙora ba, kuma ba su ɗaukar katakon da ya wuce kimanin inci 36. Sun isa ƙafar tebur, wadda ba ta cika wuce inci 30 ba. Ginshiƙin gado mai rumfa ya fi ƙarfinsu.

Faya-fayan haƙori su ne injin

Nan ne masu saye suka fi tafka asara, don haka nan zan fi tsayawa. Hoton da mai sayarwa ke turowa kullum gangar jiki yake nunawa: sanduna suna ƙyalli, fenti bai goge ba. Gangar jikin ba ta cika mutuwa ba. Abin da ke ɓacewa shi ne ƙananan kayan da tsohon mai injin ya zuba a kwali ya ajiye a wani lungu, ya rasu ko ya yi ƙaura, magada suka sayar da injin ba su ma san da kwalin ba.

Kowane haɗin faya-fayai yana ba da tazara ɗaya, wato nisan da rauta za ta yi kafin katako ya zagaya sau ɗaya. Ƙa'idar lissafin mai sauƙi ce: faɗin bakin rauta sau yawan igiyoyin da kake so, shi ne tazarar. Baki mai faɗin inci 1.5 da igiya biyu yana son tazarar inci 3. Igiya uku da wannan bakin tana son inci 4.5. Idan ka yi amfani da tazarar da ba ta dace ba, ko dai tudun da ke tsakanin kwaruruka ya fito da faɗi mara kyau, ko yanka na biyu ya cinye gefen na farko. Injin da ya zo da haɗi ɗaya tak, salon murɗi ɗaya ko biyu kawai zai ba ka har ranar da za ka sayar da shi.

Akwai wani ƙaramin faifai da ake sakawa a tsakiya don juya alkiblar murɗin. Kada ka raina shi. A tebur mai kyau ƙafar dama da ta hagu suna fuskantar juna, ɗaya ta murɗe dama ɗaya hagu. Idan duka huɗun suka bi gefe ɗaya, ido zai ga kamar teburin na shirin faɗuwa, ko da mai kallo bai san dalili ba.

Abu na uku da kan ɓace shi ne faifan rabo, mai ramuka a zagaye. Da shi ake kulle katako a raba shi biyu ko uku ko huɗu daidai kafin a fara igiya ta gaba, da shi kuma ake yin miƙaƙƙun kwaruruka a jikin ginshiƙi. Sai ƙarfen da ke cizon katako a kai, da littafin da ke nuna wane faifai ke ba da wace tazara. Ka sa mai sayarwa ya baje waɗannan duka a ƙasa ya ɗauki hoto, lambar kowane faifai tana fitowa. Wanda ya ce "ai komai na ciki" amma ya ƙi bajewa, ka ɗauka babu.

Masu yanka ƙarfe a wurare irin Panteka ta Kaduna za su iya fitar maka da faifai idan ka kai musu samfuri. Ba tare da samfuri ko adadin haƙora da girmansu ba, lalube za su yi da kuɗinka.

Abin da za ka duba da hannunka

Ka kama kwandon rauta ka girgiza shi gaba da baya ba tare da taɓa hannun juyi ba. Ɗan motsi kaɗan ba laifi, kowane inji mai zare yana da shi, kuma maganinsa shi ne a riƙa yanka daga gefe ɗaya kullum, a ɗaga rauta a komo fanko. Motsin da ido ke gani daga nesa yana nufin notin da ke hawa kan zaren ya cinye. Ka juya hannun daga farkon sanda zuwa ƙarshe a hankali. Inda ya yi tauri ya sake sakin jiki, sandar ta lanƙwashe a nan, kuma wannan lanƙwasar za ta fito a jikin kowace ƙafa da ka yanka. Ka tura wutsiyar injin har ta kusa taɓa kai, ka ga ko tsinin biyu suna kallon juna. Tsatsar sama samfefa da mai suna cire ta, amma wadda ta huda zare ta gama da sandar. A kan masu wayar ƙarfe, wayar da ta saki ko ta fara warwarewa ita ce babbar cuta, sai kuma tayoyin roba da suka tsage.

Idan injin yana inda ƙafarka za ta kai, ka tafi da guntun katako busasshe ka ce a yanka a gabanka. Igiya biyu, ba ɗaya ba, domin a ta biyun ne ake gane ko rabon yana sauka daidai. Idan a ƙetare yake, ka nemi bidiyon hakan.

Rauta, wuta da bakuna

Sau da yawa ana sayar da injin babu rauta, kuma ga mai aiki a Najeriya ko Nijar hakan ya fi. Wutar Amurka 120 ce, tamu kuwa 220 zuwa 230. Babbar rautar Amurka mai jan amfiya 15 tana cin wat 1,800, kuma za ta buƙaci taransfoma da ta fi haka ƙarfi sosai, ga nauyi ga tsada. Yaron shago ɗaya ya manta ya soka ta kai tsaye a bango, shi ke nan ta ƙone. Gara ka sayi rauta mai nitso ta 230 irin su Makita ko Bosch, a huda mata ramukan da suka dace da kwandon.

Sai dai akwai tarko a nan. Bakunan murɗi da ake yi wa wannan inji, irin na kamfanin Magnate, ƙafarsu rabin inci ce, wato milimita 12.7. Rautoci da yawa na kasuwar Turai maƙoshinsu, wato inda ƙafar baki ke shiga, milimita 12 ne. Bambancin bai kai milimita ɗaya ba, amma baki mai rabin inci ba zai shiga na 12 ba, mai 12 kuma ba zai kamu da kyau a na rabin inci ba, kuma ƙarfen da ke juyawa kusan sau 20,000 a minti ba abin da za a riƙe da sako-sako ba ne. Ka tabbatar da maƙoshin kafin ka biya kuɗin rauta. Ka nemi mai rage gudu kuma, domin manyan bakuna ba a sake musu cikakken gudu.

Bakunan kansu ba a cika samunsu a shagunan kayan kafinta na nan ba. Injin da ya zo da biyar ko shida masu kaifi ya cancanci ƙarin kuɗi.

Kuɗin da ba ya cikin farashi

Injin dogo ne, kuma masu jigila girman akwati suke caja, ba nauyi kaɗai ba. Ana kwance shi, to a kwance, amma a ɗauki hoton kowane mataki. Ka haɗa da kuɗin kwastam a Apapa ko Kwatano da kuɗin mota zuwa Arewa kafin ka ce ka samu araha.

Shin aikinka ya kai?

Injin ba ya sauri. Kowace igiya sai an bi ta sau da yawa, ana nitsa baki kimanin milimita 3 a kowane zuwa, daga baya kuma a zauna da samfefa a bi cikin kwaruruka da yatsa. Katako ma yana da nasa sharaɗin. Maɗaci busasshe yana karɓar yanka da kyau, loko ma haka, amma ƙurarsa na damun ƙirji, sai da takunkumi. Farin katako mai laushi yakan yi gashi a inda baki ya ratsa jijiyarsa. Ɗanyen katako kuwa, ko daga wace rumfa ta 'Yan Katako ka ɗauko shi, hunturu ɗaya ya isa ya tsaga shi ta bin murɗin.

Mai yin tebur ɗaya ko biyu a wata bai buƙatar wannan inji. Zane da zare, zarto da magagari za su fitar masa da ƙafa huɗu kamar yadda aka yi shekaru ɗari uku da suka wuce. Mai fitar da ɗaruruwan ƙafafu iri ɗaya kuwa CNC mai juya katako, irin waɗanda ake shigowa da su daga Sin, ya fi masa, in yana da tsayayyiyar wuta da wanda ya iya kwamfuta. Wannan injin na wanda ke tsakiya ne, shagon da ke haɗa saitin gado da madubi da tebur akai-akai, mai son ƙafa takwas su fito iri ɗaya, kuma wutar da zai nema ba ta wuce ta rauta guda ba, wadda matsakaicin janareta ke ɗauka.