Jirgin 2016 Ko Na 2022? Uwargida, Ki Sa Baki

Uwargida, in maigida ya fara zancen sayen ƙaramin jirgin ruwa mai inji don yawon Sallah a dam, kada ki ce ba ruwanki. 'Ya'yanki ne za su fara hawa.

A ce an nuna masa biyu, ƙirar 2016 da ta 2022. Kada shekara ta ruɗe ku. Sabon da ya sha lodi ya fi tsohon da aka lallaɓa gajiya, don haka a kifa shi a duba faci. Sai inji: wanda ake gauraya wa fetur da baƙin mai, irin Yamaha Enduro, ya fi sauƙin gyara, amma akwai shan mai, ga tsadar fetur tun 2023.

Mu mutanen Gwarzo da Kabo ba mu manta da Bagwai ba. Ranar 30 ga Nuwamba, 2021, jirgin da aka cika maƙil da ɗaliban Islamiyya daga Badau ya kife a dam ɗin Watari, aka rasa aƙalla mutum 29. A aikin jinya mun san yaro shiru yake nutsewa, ba ya ihu.

Ki tambayi mutum nawa kowanne yake ɗauka. In na 2016 zai bar ragowar kuɗin rigunan kariya daidai jikin yara, ni shi zan zaɓa.